Samsung T7 ko NVMe a cikin kes?

Masu tambaya a Nima wai wanne ya fi, duka biyun ma'ajiyar fayiloli ne da ake jonawa a kwamfuta, to T7 dai ka ɓare kwali ka jona shikenan, saurin kwafansa yana kai 1,050MB a sakan, ga shi siriri ya shige aljihun riga. NVMe kuwa ɗan allon ma'ajiya ne tsirara, sai ka sayi kes (gidan da ake saka shi a ciki) daban ka ɗaura da kanka, amma ranar da kes ɗin ya mutu sidi kaɗan ne ka canza wani, fayilolinka na nan, sai dai fa yana zafi in ana kwafan manyan bidiyo. Ni NVMe nake so gaskiya.

Kafin ka hau trotro zuwa Circle, inda ake sayar da kayan kwamfuta a Accra, duba ramin USB na kwamfutarka, in tsohon USB 3.0 ne duka biyun da kyar za su kai 500MB a sakan.