Ganga, tankin roba ko na siminti: wanne ya dace da gidanka a Accra?

Duk mazaunin Nima, Mamobi ko Sabon Zango ya san famfo ba shi da alƙawari. Ruwan madatsar Weija da na Kpong ba ya isar kowa kullum, shi ya sa jarkar ɗibar ruwan nan da ake kira Kufuor ba ta hutawa a kan yara. Alhali daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma wajen Oktoba, ruwa ne ke zuba daga kan kwanonmu ya bi kwata ya tafi teku.

Kafin ka taya tankin da zai tara maka wannan ruwan, auna rufinka. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwan milimita 20, ya ba ka lita 1,000, wato jarka 40 mai cin lita 25. Cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai fallatse ko ya yoye. Accra ba ta kai Kumasi ruwa ba, abin da take samu a shekara bai wuce wajen milimita 800 ba, sai dai idan ya zo da ƙarfi yake zuwa, ƙaramin mazubi kuma nan da nan yake tumbatsa.

Nan ne matsalar ganga. Shuɗiyar nan mai lita 200 ta fi komai araha, ɗan haya mai ɗaki ɗaya ma zai iya. Amma kafin hadari ya wuce ta cika, saura ya tafi a banza. Kuma ka tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. In mai sayarwa ya fara kame-kame, ko ka ji warin sinadari, bar masa kayarsa.

Tankin roba, wanda kowa ke kira Polytank ko da wani kamfani ne ya yi shi, shi nake ganin ya fi dacewa da yawancinmu. Ɗauki baƙi, don haske ba ya ratsa shi balle gansakuka ta fito. Ƙwanƙwasa jikinsa ka ji kauri, murɗa murfin ka ga ya zauna daram, duba inda za a sa famfo ko zaren ya lalace. Lita 1,000 nauyin tan guda ne, saboda haka daɓen siminti mai sumul yake so, ba bulo huɗu da katako ba. Sannan auna lungunku da igiya tun kafin ka biya. Ba ƙaramin abin kunya ba ne a sauke tankin lita 5,000 a bakin titi ya ƙi shiga, maƙwabta na ba da shawarar a bi da shi ta kan rufin Alhaji. Biyu matsakaita da aka haɗa da bututu sun fi sauƙi, in mai gida ya ba ka notis kuma ka tafi da abinka.

Na siminti a ƙarƙashin ƙasa na mai gidan kansa ne. Yana cin ruwa da yawa, yana sanyi, yana daɗewa. Irinsa tsibirin Bermuda ya dogara da shi: ba su da kogi, doka ce ta wajabta wa kowane gida tarar ruwan rufinsa.  Amma in kana Alajo ko wani kwari kusa da kogin Odaw, kar ka soma. Ambaliya ɗaya ta shigar maka da ruwan kwata, an gama.

Ko wanne ka zaɓa, ware kuɗin indararo da raga. Na roba ya fi na ƙarfe a nan, iskar teku na cin ƙarfe. Ruwan farko bayan hunturu ƙura ce da kashin tsuntsaye, a bar shi ya wuce kafin a buɗe wa tanki. Kowace kafa a toshe ta da raga saboda sauro. Wanki, wanka da alwala ba damuwa. Na sha dai sai an tafasa ko an sa masa maganin kulorin.