Gargaɗi: Tarin Wata 9 Na Biya, Aka Aiko Min Da Akwati Mai Ƙarfe A Ciki

Jama'a, kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma yau sai na faɗa. An damfare ni a cinikin amfilifaya ta intanet. Kuɗin da na yi wata 9 ina tarawa. Wata 9, kowane ƙarshen wata ina cire wani abu ina ajiyewa.

Kuma kada wani ya ce min ban yi bincike ba, don na yi. Ɗaki da falo nake zaune a bene, maƙwabta sama da ƙasa, ba ni da wurin ajiye ƙatuwar amfilifaya mai zafi kamar dutsen guga. Shi ya sa na nemi nau'in Class D, wadda take ƙarama, ba ta cika zafi ba, don kusan duk wutar da ta ja lasifika take kaiwa. Lasifikuna biyu gare ni, masu om 4 (om shi ne ma'aunin yadda lasifika take turje wa wuta). Na san abin da nake nema. Na karanta a kan fanel ɗin, wato allon kayan wuta na cikin amfilifaya, da kamfanin Hypex na ƙasar Holan yake yi, wanda masu haɗa amfilifaya suke saye su sa a akwatinsu, har lambobinsu na haddace.

Ga abin da yake hana ni barci. Da na tuntuɓi mutumin da yake tallar amfilifayar a shafinsa, babbar na ce ina so, mai fanel NC502MP, wat 500 ga kowace lasifika. Sai ya tambaye ni girman falona, ya tambayi om nawa lasifikuna suke, da nisan da nake zama da su. Sannan ya ce, "Yallaɓai, kar ka ɓata kuɗinka. A ƙaramin falo wat kaɗan kake amfani da su, ko ka ninka ƙarfin, desibel 3 kawai za ka ƙara a ƙarar sauti. Ɗauki ƙaramar, mai NC252MP, wat 250 ta ishe ka har ta yi yawa." Kuma gaskiya ya faɗa! Abin da na karanta ke nan. Mai sayarwa ya hana ka sayen mai tsada, ya ce ka sayi mai sauƙi, wa zai zarge shi? "Kar ka ɓata kuɗinka." Na sake saurarar wannan saƙon muryar ya fi a ƙirga. A nan zuciyata ta kwanta, a daidai wannan kalmar. Da gaskiya ya yaudare ni.

Rabi na fara turawa. A'a, kafin nan ya turo bidiyo, ko bayan rabin farko ne, sai na duba hirar. Bidiyon dai ya nuna akwatin a buɗe, fanel ɗin a ciki tsaf, ana kunna waƙa. Ban ga fuskarsa ba, ban ga takarda mai sunana a gefe ba, ban kuma nema ba. Ya ce in cika sauran kafin ya ba masu kai saƙo, wai an sha cutarsa. Na cika. Rabi da rabi, tarin wata 9 ya tafi cikin kwana uku.

Da kayan ya iso akwai nauyi a hannu, na ji daɗi. Amma a cikin kwalin sai ga caja irin ta laftof. Nan gabana ya faɗi, don NC252MP da na'urar wutarta a jikin fanel ɗin take, waya kawai ake sakawa daga bango. Me ya kawo caja? Na juya bayanta na karanta: bolt 19, amfiya 3.42. Ku ninka da kanku, wat 65 ke nan. Ta yaya abin da yake shan wat 65 zai ba lasifika biyu wat 250 kowacce? Duk da haka na jona, ina ce wa kaina wataƙila ni ne ban gane ba. Tun kafin in sa waƙa lasifikar take shuuu. Na ɗan ƙara murya, ganga ta shigo, sautin ya fashe kamar ana yaga takarda. Na kashe da sauri don tsoron kada ta ƙona min ƙananan lasifikun da ke fitar da siririn sauti.

Na manta ban faɗa ba, tun ranar da na cika kuɗin amsarsa ta fara jinkiri. Da can minti biyu bai yi ba ya amsa, ko da tsakar dare ne.

Na kai wa mai gyaran rediyo ya kwance a gabana. Wallahi da ya ɗaga murfin sai da na nemi wurin zama. Wani ɗan fanel ne da bai kai tafin hannuna ba, mai aisi (ɗan ƙwayar da ke ƙara ƙarfin sautin) TPA3116, wanda a takardar masu yin sa ma wat 50 ne kowane ɓangare, irin wanda ake sakawa a ƙananan amfilifaya masu araha. Shi kansa ba abin banza ba ne a wurinsa, amma ba shi na biya ba. Sauran akwatin fanko, sai wani faranti na ƙarfe da aka manna da gam a ƙasa don ya yi nauyi. Da gam! Mutum ya zauna ya yanko ƙarfe ya manna don in ɗauka in ji nauyi in yi murna. Lambar da ke bayan akwatin kuwa sitika ce, da farce ta ɓare.

Na tura masa hoton. Ya ce wai masu kai saƙo ne suka canza, zai bincika. Washegari ya toshe lambata, shafin ma ya canza suna, amma hotunan kayan su ne dai, kuma yana nan yana talla.

Hotunan hirarmu, shaidar tura kuɗi guda biyu, hoton cikin akwatin da na cajar, duk suna wurina, zan sa su da zarar na rufe bayanan asusuna. Saƙon muryar ma zan sa, ku ji yadda yake magana da natsuwa.

Kada ku cika kuɗi kafin kaya ya zo hannunku. Ku sa a buɗe akwatin a kiran bidiyo kai tsaye, ku ga fanel, ku karanta bayan cajar.

Ni dai ban yafe ba. Wata 9. Har tambayata ya yi ko falon nawa akwai labule da kafet, wai suna gyara sauti.