Sun tara min masu karatu, amma ta hannunsu littafina ya fita

'Yan uwa marubuta sun dame ni da tambaya a kan ƙungiyar nan ta marubuta mai tallata littattafai da sayar da su ta waya, wadda na sa littafina a ciki, wai su shiga ko kar su shiga. Suna dai ba zan kama ba. Duk mai rubutu a waya ta san su, ta san kuɗin rajistarsu, ta san kason da suke cira.

A wajen tara jama'a, gaskiya ban ga na biyunsu ba. Kafin na shiga, zaure ɗaya gare ni a WhatsApp, yawanci ƙawayen makaranta da dangin miji, in na saki shafi mutum biyu uku su ce an gode, sauran ko ƙala. A Wattpad ma na zuba labari, shiru kamar an shuka dusa. Su kuwa dokarsu ce duk marubuciyar da ke ciki sai ta ɗora shafukan ɗanɗano na 'yar uwarta a nata zauren, ranar da aka tsara, ba wani sai gobe. To ku lissafa, zauren da a da mutum 256 yake ɗauka, tun 2022 ya koma 1,024, ga marubuta rututu kowacce da zaurukanta. Ranar da aka saki ɗanɗanona, sai da wayata ta ɗau zafi saboda shigowar saƙo.

Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan Nijar. A da in baiwar Allah ta ce tana so daga Maraɗi, sai mu tsaya cirko-cirko, ita sefa ce a hannunta, ni ba ni da hanyar karɓa, ƙarshe in ba ta kyauta don kunya. Su suna da wakiliya a can, a tura mata ta Nita, kamfanin tura kuɗi na Nijar, ita ta haɗa ta aiko. Ta haka na samu masu karatu a Damagaram da Tawa, da zangon Kumasi, har da matan da ke aikatau a Jidda masu karantawa cikin dare bayan sun gama aiki. Akwai wata dattijuwa a Damagaram da 'yarta ke karanta mata. Ta aiko min saƙon murya tana faɗa, wai in na bari uwargidan nan ta sake kwana da kuka ba ta yafe min ba, ana jin tabarya na daka a bayanta. Na saurara na sake saurara. Tun da nake rubutu ba a taɓa yi min faɗan da ya yi min daɗi haka ba.

To, a nan daɗin ya tsaya.

Suna da sharaɗin cewa littafin kuɗi sai an kammala shi an miƙa musu gaba ɗaya kafin a fara saki. Ban ga laifin wannan ba, don mun san masu karɓar kuɗin mutane su yi shafi ashirin su ce ba su da lafiya, shi ke nan labari ya bi ruwa. Na miƙa cikakken littafi ga mai duba musu rubutu. Bayan na miƙa sai na canza wa surukar suna, daga Hajiya Babba ta koma Inna Wuro, saboda na mayar da gidan na Fulani. Ƙarshen ma na warware shi na sake ɗinkawa, don na fasa kashe mijin. Wannan sabon yana cikin wayata ni kaɗai, shi nake saki shafi-shafi a zauren waɗanda suka biya.

Muna tsakiyar labari, ko rabi ba mu kai ba, sai wata mai karatuna ta turo min dokumen ta ce, "Anti, wannan ba naki ba ne? A wani zauren kyauta na Telegram na gani, har ƙarshe." Na buɗe hannuna na rawa. Sunana yana sama, har da gargaɗin nan da muke sakawa na ban yafe wa duk wanda ya fitar ba, ko gogewa ba su yi ba. Na gangara ƙasa. Hajiya Babba ce a ciki, kuma miji ya mutu a shafin ƙarshe. Kwafin da ke da Hajiya Babba a duniya guda ɗaya ne ya taɓa barin hannuna, kuma na san wa na ba. Ba a rufa mako ba wani ya fara karanta shi a YouTube da muryarsa, yana cewa a danna ƙararrawa.

Na yi wa shugabar magana cikin ladabi. Na ce, "Hajiya, barka da dare, don Allah ki duba wannan, daga cikin gida ya fita." Ta ce, "Haba ƙanwata, wace marubuciya ce ba a taɓa fitar mata da littafi ba? Masu biya ne suke yi, mutum ɗaya ya saya ya raba wa dubu. Ki bar su da Allah, ai ma talla ce suka yi miki." Talla! Na ce, "Hajiya, masu biya ba su ga ƙarshen nan ba, ni kaina ban sake shi ba, kuma ba shi ne ƙarshen ba ma." Ta buɗe saƙon, ta yi gum. Washegari aka saki sanarwa a babban zaure, Allah ya isa ga ɓarayin littattafai, kowa ya ce amin, har da ita mai duba rubutun, amin ɗinta ma ya fi na kowa tsawo. Har yau tana nan tana karɓar littattafan mutane.

Daga ranar alat ya ɗauke ɗif. Wa zai biya abin da ke yawo kyauta? Masu VIP da suka biya ninki don su riga kowa karantawa suka taso ni gaba, wata har da ce min macuciya, wai na sayar musu abin da na raba a waje. Wasu kuma da suka karanta na satar suka shigo suna gaya wa mutane miji zai mutu, zaure ya rikice, ina rantsuwa ba zai mutu ba ana cewa na canza ne don kunya. Wasu na mayar musu da kuɗinsu daga aljihuna. Ƙungiya kuwa kasonta cif ta cire, ko kwabo ba ta rage ba.

Duk da haka ba zan ci amanar alheri ba. Gyaran rubutu na koya a wurinsu, raba kalmomi da sa ƙugiya a inda ta dace, abin da yawancinmu ba mu damu da shi ba. Lokacin gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi tun 2016, suna buɗe aji na gajeren labari kyauta, kuma ajin yana da amfani. Ga shi tun da manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe a 2023 wuraren sayar da littafi suka ƙara ƙaranci, bugu a takarda kuwa tsadarsa ta fi ƙarfin irinmu. Shi ya sa da wata sabuwar marubuciya ta tambaye ni kwanaki na ce mata ta shiga, ta dai fara da littafin kyauta ta yi suna.

Sai dai yanzu da nake wannan rubutu raina ya sake ɓaci, don na tuna kuɗin Nijar. Wancan da na yaba a sama. Ba a taɓa nuna min mutum nawa suka biya ba, ba a taɓa gaya min a nawa aka canza sefar ba, sai dai in ga an turo abin da aka turo. Na ƙarshen ma tun kafin azumi ake ce min wakiliya ta yi tafiya. Mutanen da suka kasa tsare min littafi, da wane dalili zan yarda da lissafin da ban gani da idona ba? Don haka ke da na ce ki shiga, in kina karantawa, na janye rabin maganata. Ki shiga don ajin da tallar, amma cikakken littafinki kar ya bar wayarki, ko da za su ce sharaɗi ne. In sun ƙi, ki ba su rabi.

Ni dai sabon da nake rubutawa da kaina zan sayar, na riga na samu wata a Maraɗi da za ta riƙa karɓar min. Hajiya kuma, in wannan ya iso gare ki, ina nan ina jiran kuɗina na Nijar da lissafinsa a rubuce.