Shagon sassaƙar dutse da ƙarfe a hanyar Jos

A wani ƙaramin shago da ke kan hanyar Jos, cikin garin Bauchi, na sayi sassaƙa ta ƙawata falo wadda aka haɗa baƙin dutse da tagulla. Ba siffar mutum ba ce ko ta dabba, abin da ya kwantar mini da hankali tun farko. An goge gefe ɗaya na dutsen har yana sheƙi, aka bar ɗaya gefen da kaushinsa, sawun guduma a bayyane, sannan aka soke siririyar sandar tagulla wadda ta lanƙwasa sama kamar jinjirin wata.

Mai shagon ya ce salon Constantin Brancusi yake bi, wato ɗan ƙasar Romaniya da ya yi aiki a Faris, wanda ya shahara da ɗora gogaggiyar tagulla a kan gindin dutse. Hannunsa ya faɗa, musamman wajen daidaita nauyi, domin ko an taɓa ta ba ta girgiza.

Inda na ga gazawa shi ne ƙusar da ta riƙe gindin, domin ta baƙin ƙarfe ce, kuma damina ɗaya ta sa ta yi tsatsa har ta ɓata dutsen. Da na koma, ya sauya ta ba tare da karɓar ko kwabo ba.