AUDIT-C a ɗakin gaggawa: tambayoyi uku, sun dace da Garwa ta Kamaru?

Takardar AUDIT ta Hukumar Lafiya ta Duniya tambayoyi goma ce kan shan barasa. AUDIT-C ukun farko ne kawai: sau nawa kake sha, awo nawa a ranar shan, sau nawa kake kai awo shida a zama ɗaya. Maki daga 0 zuwa 12. Namiji ya kai 4, mace 3, sai a zauna a yi masa nasiha. Ga ɗakin da nas ɗaya ke fama da masu haɗarin babur daren Asabar, gajartar nan ita ce amfaninta: babu na'ura, babu kuɗi.

Awon ne cikas. Awo ɗaya giram 10 ne na zallar barasa. Babbar kwalbar giya ta santilita 65 mai kashi 5 cikin ɗari awo biyu da rabi ce, ledar wiski ta santilita 5 mai kashi 40 kuwa giram 16. Mai cewa "kwalba uku kawai" ya wuce awo bakwai. To bilbil fa, giyar gargajiya da ake sha a ƙwarya tana zagayawa? Arki ma, barasar da ake tacewa a gida, ba a san ƙarfinsa ba. Gara a ajiye ƙwarya a ɗakin a ce, "Baba, irin wannan nawa?", ko a tambayi kuɗin da yake kashewa.

Kada a ɗauko takardar mutum yana cikin maye. A fara kwantar da shi a gefe saboda amai, a auna sukarin jini don barasa tana kayar da shi, a ba da bitamin B1, a duba kai. Warin giya ya sha ɓoye zubar jini cikin ƙwaƙwalwa. Mai arki da ganinsa ya dushe, a yi zargin gubar metanol. Mashayin da aka kwantar ya daina samun barasa, rawar hannu da zufa kan fara cikin awa 6 zuwa 24, ruɗewa kwana biyu zuwa uku. Takardar ba ta hango wannan, diazepam, maganin kwantar da jijiya, ya kasance a kusa.

Kuma gaban surukinsa ko ƙaninsa kowa sifili zai samu, balle Musulmi. A aiki mai jinya sayen magani tukuna, a yi tambayar da Hausa ko Fulatanci, Faransancin ya tsaya a takarda.

Mun ba takardar AUDIT-C huɗu cikin biyar. Ɗayan ya tafi ne don wanda ya ci 10 ba nasihar minti biyar ce za ta ishe shi ba. A rubuta masa ranar dawowa kafin sallama.