Masha ta shigo gidana ta katin waya

Wata uku ke nan da na saya wa autata katin waya cike da katun, wanda yaranmu ke kira desan anime. Ba don gata na saya ba, zafin Afrilu ne ya kai ni. Duk wanda ya san Tahoua a wannan wata ya san da azahar ko akuya ba ta barin gindin katanga, amma yarinyar nan mai shekara 4 sai in waiwaya in hango ta a ƙofar gida ba ko takalmi. Babansu yana Abijan kamar mazan Adar da dama, ya aiko da tsohuwar wayarsa, maƙwabciyata ta ce in sa a zuba mata katun za ta zauna wuri ɗaya. Ranar Lahadi da kasuwa ta ci, na tsaya wurin wani yaro mai cajin waya da turin fina-finai, na ba shi jika biyu, kati da turi duka.

Ta fuskar kaya ba ni da ƙorafi sosai. Hoto tas, murya tas, kuma na huta da sayen mega. Sai dai yaron bai tsaya tantancewa ba: wasu da Faransanci, wasu da Rashanci, wasu kuma sun maimaitu har sau uku. Akwai na kyanwa da ɓeran nan da muka kalla muna yara, akwai Caillou, sauran duk Masha da Mishka ne. A kan Masha zan yi magana, don ita ta raba mini gida biyu.

Ga wanda bai san ta ba, katun ne na ƙasar Rasha da aka fara fitarwa a 2009, kowane kashi bai wuce minti 7 ba ko kusa da haka. Masha ƙaramar yarinya ce da ke zaune a wani gida kusa da hanyar jirgin ƙasa a bakin daji. Mishka kuwa beyar ne, wata ƙatuwar dabba mai gashi da ba mu da ita a ƙasarmu. Ya yi aikin wasan nishaɗantar da jama'a har ya ajiye, ya koma daji da kofunan da ya ci, yana kiwon zuma, yana ɗan lambunsa, yana kamun kifi, yana shan shayinsa. Dattijo ne dai da ya gama wahalar duniya yake neman hutu. Tun a kashin farko aka nuna halin yarinyar: da ta fito tsakar gida, akuya da kare da kaji kowa ya nemi maɓoya. Ta bi malam buɗe littafi har cikin daji, ta faɗa gidan Mishka ba ya nan, ta birkita komai. Ya dawo ya fitar da ita, da dare ya yi tausayi ya kama shi ya fita nemanta, ya dawo ya tarar da ita a gadonsa. Daga ranar bai sake hutawa ba.

Inna, mahaifiyar maigidana, ita ta fara yabon ta. Ta leƙa wayar ta ga doguwar riga da kallabi a ɗaure har ƙarƙashin haɓa, ta ce, “Wagga ɗiyar Musulmi ta.” Na ce mata shigar ƙauyen Rashawa ce. Ba a yi mako ba ta canja magana. Ta zauna ta kalli kashi biyu a jere, ta tsuke baki, ta ce, “Shin wagga ɗiya ba ta da uwa? Ina ubanta? Mi ya hana ƙaton ga ya yi mata magana?”

Tambayoyin nan uku na Inna sun fi duk abin da zan rubuta. Ba a taɓa nuna iyayen Masha ba. Kuma Mishka ba ya magana, sai gurnani da nuni da hannu da dafe kai. Kusan ita kaɗai ke da baki a dajin. Na gane dabarar masu shirin, don abin da ba shi da yawan magana yana shiga kowace ƙasa ba wahalar fassara. Autata ma na Rashancin take kallo tana ƙyalƙyala dariya kamar a Mosko aka yanke mata cibi. Amma ga wanda ya tashi a inda ɗa na kowa ne, inda matar da ke wucewa da tallan hura za ta iya tsawata wa ɗanka kuma ka yi mata godiya, ganin babba an ɗaure masa baki yarinya tana hawa kansa abu ne mai ci a rai. Ƙiriniya ba ta dame ni ba, wane yaro ne ba ya yi? Abin da ke damuna shi ne ƙiriniyar da ba ta gamuwa da “kul”.

Akwai wani kashi da Masha ta dafa kunu. Ta zuba duk abin da hannunta ya kai cikin tukunya, kunu ya kumbura ya yi ta ambaliya, ta cika kowane kwano da bokiti, ta ɗura wa dabbobin daji har cikinsu ya yi tulu. An kalli wannan kashi kaɗai fiye da sau biliyan 4 a YouTube, kuma ina jin autata ta ba da nata kason ko da ba ta intanet ba. Wata Alhamis na shiga wanka, na fito na tarar ta kwashe gero wajen tiya biyu ta juye a randa, ta bi shi da gishiri da garin sabulu, tana juyawa da muciya, tana irin dariyar nan ta Masha mai tsini. Ruwan da mai garuwa ya kawo da safe ke nan, geron kuma na kwana uku ne. Da Inna ta fito tana salati, sai yarinya ta dube ta ta ce, “Mishka, zo ki ci!”

Ba zan ɗora wa katun duka laifin ba. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Wannan yarinya ta taɓa tura mini ɗan tsako cikin tulu tun ba ta san waya ba. Abin da Masha ta ƙara mata shi ne dariyar bayan ɓarna, da tsammanin cewa wanda aka yi wa ɓarnar zai dafe kai kawai ya ɗauko tsintsiya.

To wa ya ɗauki tsintsiyar? 'Yar farina, mai shekara 11. Ita ta kwashe jiƙaƙƙen geron ta shanya wa kaji abin da sabulu bai taɓa ba, ita ta wanke randa sau uku. Duk gidan ba wanda ya tsani Masha kamarta, kuma sai a ranar na gane dalili. Ta ce, “Mama, ku kuna kallon Masha ne, ni Mishka nake kallo.” Ita ke goyon ƙanwarta tun tana jaririya, ita ake hana wasa a ce ta kula da ita, ita ake yi wa faɗa in ƙaramar ta yi kuka, littafinta na lakwal ne ake yagewa a ce ta yi haƙuri ai yarinya ce. Na yi shiru, don ni ma 'yar fari ce a gidanmu, kuma na san inda abin yake sukar ta. Ina ganin yawancin masu jin haushin irin waɗannan yaran na katun ba tarbiyya ce kaɗai ke damun su ba. Sun taɓa zama wanda ke share wurin ne.

Caillou nasa daban ne, kuma a wurina ya fi muni. Ɗan Kanada ne, an fara nuna shi a 1997, yaro mai shekara 4 da kai ƙwal ba gashi, sunansa ma tsakuwa yake nufi da Faransanci. Shi ba ɓarna ce sana'arsa ba, shagwaɓa ce da naci da birgima a ƙasa in an hana shi abu, iyayensa kuwa sai lallashi da murya ƙasa-ƙasa kamar masu bin sa bashin haƙuri. Har akwai inda ya mintsini ƙanwarsa jaririya. Lokacin da tashar PBS ta Amurka ta sanar a Janairun 2021 cewa ta daina nuna shi, iyaye can murna suka yi ta yi a intanet. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Kwana biyu autata ta kalle shi ta koyo wani jan kuka da ban san ta da shi ba, na goge shi ba tare da shawara da kowa ba. Masha ko ba komai ba ta da raki, ba ta da mugun nufi, in Mishka ya kwanta ciwo tana ƙoƙarin jinyarsa, ko da jinyar tata ta fi ciwon wahala. Zanen ma gwanin kyau, waƙoƙin suna da daɗi, ni kaina na sha kama bakina ina rera su a madafa.

Abin da ya ba ni dariya shi ne Inna mai zagin Masha ita ce gwanar tatsuniyar Auta. Yadda take ba da ita, iyaye za su mutu suka bar wa yarinya wasiyya kada ta bar Auta ya yi kuka. Ya ce zai ƙona rumbu, ta hana, ya buɗe baki zai yi kuka, ta ce ƙona. Haka ya yi ta jawo musu masifa suna gudu daga gari zuwa gari, sai can a ƙarshe ya kashe Dodo. Masha ko kusa ba ta kai shi ba, balle a zo ga Gizo. Na faɗa mata haka, ta ce ba ɗaya ba ne, kuma da na yi tunani na ba ta gaskiya. A tatsuniya in rumbu ya ƙone ana kwana da yunwa. A Masha gidan da aka rusa yanzu, bayan minti 7 ya dawo sabo fil. Sannan tatsuniya a bakin babba take fitowa: Inna takan tsaya a tsakiya ta ce, “Kun ga abin da sangarta ka jawowa,” ta harari wanda take nufi, sannan ta ci gaba. Da dare ake yi, a yi ƙurunƙus kowa ya kwanta. Waya ba ta harara, kuma ba ta ƙurunƙus sai caji ya ƙare.

Ban goge Masha ba. Babansu da na ba shi labarin randa ta WhatsApp dariya ya yi har da tari, ya ce in bar masa 'yarsa. Da sauƙin faɗa daga Abijan. Abin da na yi shi ne na rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2019 cewa yaro mai shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a yini, mu kuwa mun kai uku ba mu sani ba. Yanzu kashi biyu ne bayan azahar, kuma ba a miƙa mata wayar a tafi. Wani zai zauna da ita ya ara wa Mishka baki. Ni na fara: in Masha ta ɗauko tukunya sai in yi kauri da murya in ce, “Ke, ajiye tukunyar nan!” Amma Inna ta ƙwace aikin, don ta fi ni iyawa. Mishkanta Ba'adare ne sosai, yana salati, yana cewa “Bari in ga uwakki,” yana aika Masha ɗauko tsintsiya. Shekaranjiya autata ta zubar da hura a tabarma, ta tsaya tana kallon ta, sannan ta je ta jawo tsumma tana cewa Mishka ya ce a goge. Rabin tabarmar ta ƙara ɓatawa, yayarta ce dai ta ƙarasa, tana tsaki. Randa kuma har yanzu da dutse a kan marufinta.