Shagon kayan coci a Roman Hill: inda nake sayen gurasar Jibin Ubangiji

Shekara uku ke nan ni nake shirya teburin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da muke ci muke sha don tunawa da mutuwar Yesu, a ƙaramar majami'armu ta Asawase a Kumasi, Ghana, kuma a shago ɗaya nake sayayya. Yana nan Roman Hill, in ka taso daga Kejetia kafin ka kai babbar cocin St. Peter. Shagon ɗan ƙarami ne, mutum uku sun cika shi.

Gurasarsu garin alkama ce da ruwa kawai, ba yisti, siririya, in fasto ya kakkarya ta har na baya yana jin ƙas ɗinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Kumasi, don laimar damina kan sa gurasa ta yi laushi kamar tsumma. Su a gwangwani mai murfi suke ajiye tasu. Ruwan inabi iri biyu ne, mai maye da marar maye. Ƙananan kofunan roba ne dai ban yaba ba, biyar sun tsage mini a ƙunshi ɗaya. Suna karɓar MoMo, wato biya ta waya.

Mai shagon dattijuwa ce Batoniya, wato 'yar ƙabilar Ashanti, amma a zango ta tashi, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ana gobe Alhamis Mai Tsarki, wato Alhamis ɗin da ke kafin Ista, na je, raina a jagule, wata huɗu ba ma ga maciji da ƙanina kan kuɗin jinyar mahaifiyarmu. Tana ƙirga kayan ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai za ka jera wannan, kai ma za ka ci?" Na ce, "Zan ci, Mama." Sai ta jawo Littafi Mai Tsarki na Hausa daga kan kantar shagon, ta buɗe mini 1 Korintiyawa sura 11, inda Bulus ya ce mutum ya auna kansa tukuna, domin wanda ya ci ya sha bai girmama jikin Ubangiji ba, hukunci yake ci wa kansa. Ba ta ƙara ko kalma ba, ta ci gaba da ɗaure kaya.

Na san ayar tun ina yaro, amma ranar ta kama ni. Hannun da ya ƙi gaida ɗan'uwa, shi zai ɗauki jikin da aka bayar saboda zunubina? Littafin ma na saya. Da na fito, sai na nemi trotro, wato motar haya, ta Aboabo, wajen ƙanina, gurasar tana cikin jakata.